Ni da Mubaraka a Ajin Kwamfuta

Unguwar Yerimaram,
Potiskum.
9 ga Maris, 1997.

Zuwa ga uwargidana Hadizatu,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa mai yawa, ina fata wannan takarda za ta same ki cikin ƙoshin lafiya. Yaya jikin Inna? Allah ya ba ta sauƙi, ya sa kaffara ne. Yaya mutanen Kano, yaya zafi? Mu nan lafiya lau. Yara suna gaishe ki, ƙanwata Yelwa tana kula da su yadda kika bar mata amana.

Sajo direba ya kawo mini saƙonki. Na ji cewa hannun Inna na dama har yanzu bai motsa ba, amma bakinta ya fara buɗewa. Ki zauna da mahaifiyarki hankali kwance, kada tunanin gida ya raba miki zuciya biyu.

Akwai labarin da ban so ki ji a bakin wani ba. Kin tuna kwamfutar da ƙungiyar tsofaffin ɗalibai ta ba makarantarmu bara? Ɗan bautar ƙasar da yake aiki da ita zai gama a watan Yuni. Shugaban makaranta ya kira ni ofis, ya yi mini magana ta mutunci, ya ce daga zangon karatu mai zuwa da ita za a riƙa fitar da sakamakon jarrabawa. In na iya, kujerata tana nan. In ban iya ba, za a turo wanda ya iya, ni kuma a mai da ni wata makaranta a ƙauye inda har yanzu tafireta take da amfani. Ban ga laifinsa ba. Amma kin san tun kafin a haifi 'yarmu Mubaraka nake buga tafireta a ofishin nan, sai na fito ina jin kamar an ce mini na tsufa.

Saboda haka na shiga wata ƙaramar makarantar koyon kwamfuta a bakin titin Maiduguri, bayan La'asar muke yi. Malaminmu sunansa Malam Modu, Babarbare ne, saurayi mai haƙuri. Ni ne kaɗai mai furfura a ajin. Da na ga maɓallan iri ɗaya ne da na tafireta na yi murna, na ce ai gida na zo. Ashe bugu daban, ba da umarni daban. Wani harshe ake koya mana mai suna BASIC, wanda da shi ake gaya wa na'urar abin da za ta yi, layi bayan layi, kowane layi da lambarsa. Ba ta da wayo ko kaɗan, Hadizatu. Abin da ka faɗa shi take yi, ba abin da kake nufi ba.

Mubaraka ce take raka ni. Tun da ta gama sakandare zaman gida ya ishe ta, ta roƙe ni, na roƙi Malam Modu, ya ce ta zauna kusa da ni tunda dama mutum biyu-biyu ake zama a kan na'ura ɗaya. Ina ɗaukar ta a bayan babur. Malam Modu "kai" yake ce mata, irin Hausarsu ta Borno, ita kuma sai ta danne dariya har mu dawo gida.

Ki gaishe da Inna da kyau, ki ce muna yi mata addu'a.

Ni ne mijinki,
Siddiq.


Potiskum.
6 ga Afrilu, 1997.

Zuwa ga Hadizatu,

Bayan gaisuwa da fatan alheri, yaya jikin Inna, yaya gajiyar jinya? Allah ya ba ki lada. Mu nan muna lafiya, sai zafin da ko tsakar gida ba ya takuwa da rana.

Kin tambaye ni karatu. Da na so in ce lafiya lau in wuce, amma ban saba ɓoye miki ba.

Mun shiga wani darasi da Malam Modu yake kira luf, ni na sa masa suna zagaye. Maimakon ka rubuta umarni ɗaya sau ɗari, sai ka rubuta shi sau ɗaya, ka ce wa na'urar ta koma ta maimaita har sai wani sharaɗi ya cika. Tun farko wani layi ya tsaya mini a wuya, inda ake rubuta cewa K daidai yake da K a tara da ɗaya. Na ce wa Malam wannan ƙarya ce, yaya abu zai yi daidai da kansa alhali an ƙara masa? Ya yi bayani ban gane ba. A hanya Mubaraka ta ce mini ba labari ake ba na'urar ba, aike ne: ɗauko abin da ke cikin K, ƙara masa ɗaya, mai da shi. Nan take na gane, na kuma ji daɗi.

Ranar Talata aka ce kowa ya sa na'ura ta ƙirga daga ɗaya zuwa goma. Na ce wa Mubaraka kada ta sa mini baki. Na rubuta nawa, na danna. Sai ɗaya ta fito, wata ɗaya ta biyo ta, wata ta biyo, gilashin na'urar ya cika da ɗaya-ɗaya suna gudu sama kamar tururuwa, ba su tsaya ba. Na danna wannan, na danna wancan, a banza. Samarin da ke bayanmu suka taso kallo. Gumi ya jiƙe mini riga. Mubaraka ta matso ta ce a hankali, "Baba, kana mai da ita layin farko ne, can inda ake sake zuba ɗaya. Duk zagayowa mantawa take yi da abin da ta ƙara." Ta miƙa yatsa ta tsai da na'urar, ta canja lamba guda, sai ga ɗaya zuwa goma sun jeru.

Malam Modu ya tafa mata. Ya kira ta gaban allo ta yi wa ajin bayani, ta yi shi tiryan-tiryan. Wani yaro daga baya ya ce ashe tsoho rakiya ya yi. Aka yi dariya, ni ma na yi, amma ba ta kai ciki ba.

Da muka iso gida na ce mata daga gobe ta zauna ta taya Yelwa aiki, hidimar Sallah ta matso. Yelwa ta dube ni, domin ta san ba ta yi kukan aiki ba. Mubaraka ta ce, "To, Baba," ta shige ɗaki. Da ta yi gardama da na sami abin kamawa. Yanzu kullum in na fito da babur takan share mini shi, ta yi mini a dawo lafiya.

Na san abin da za ki ce. Ki bar ni da shi tukuna, ina juya shi a raina.

Babbar Sallah za ta zo ba ke a gida. Yara sun ce wa zai soya nama yadda kike yi, Yelwa ta ji haushi.

Mijinki,
Siddiq.


Potiskum.
4 ga Mayu, 1997.

Zuwa ga uwargidana,

Assalamu alaikum. Barkanmu da Sallah, Allah ya maimaita mana. Ina fata ke da Inna kuna samun sauƙin al'amura. Na ga amsarki. Gajeriya ce, amma ta shige ni, musamman inda kika ce uban da ya ji kunya don 'yarsa ta fi shi, to me ya tura ta makaranta ta je ta yi.

Bari in ba ki labarin yadda aka ƙare. Bayan Sallah muka shiga darasin da ake kira are, wanda ni nake ce masa jeri. A nan na ɓace gaba ɗaya. Malam Modu yana rubuta harafin M da wata lamba a tsakanin baka biyu, yana cewa wannan ɗaya ne amma kuma da yawa ne. Ina kwafa kamar mai zana hatimi. Kujerar da ke gefena wani saurayi aka ba, mai sauri ne, kafin in gama karanta tambaya ya gama bugawa. Malam Modu ya tambaye ni Mubaraka har sau biyu, na ce aikin gida ne. 

Ita kuwa kullum in na dawo, bayan ta kawo mini ruwa, sai ta tsuguna ta ce yau me aka koya. Ina ba ta amsa a gajarce. Ranar Asabar da hantsi ina zaune a gindin darbejiya ta sake tambaya, sai na gaji da ɓoyo, na ce mata ban gane ba balle in gaya mata. Ta ce in faɗi ko da abin da kunnena ya ji ne. Na kwashe yadda na ji, a hargitse, na zuba mata.  Sai ta tashi ta shiga madafa ta fito da kiret ɗin ƙwai wanda babu komai a ciki, da tsakuwa a hannu.

Ta ce ita dai a fahimtarta, kiret ɗin nan sunansa ɗaya, a ce M. Amma gurabunsa da yawa, kowane gurbi da lambarsa. In ina da makin ɗalibai talatin, ba sai na ƙirƙiro suna talatin ba, sai in ce na ɗalibi na farko ya shiga gurbi na ɗaya, na biyu gurbi na biyu. Sa'an nan ta ɗora yatsa a gurbin farko ta fara tafiya da shi, tana cewa, "Wannan yatsan shi ne K ɗinka, Baba. Zagaye shi yake tura shi gaba. Duk inda ya tsaya, abin da ke cikin gurbin shi na'ura take ɗauka."

Hadizatu, na daɗe ina kallon kiret ɗin nan. Darasi biyu da nake ɗauka kowanne hanyarsa daban, ashe don juna aka yi su. Kuma aikina ne na shekara da shekaru: in ɗora rula a kan sunan ɗalibi, in tara makinsa, in sauke rula zuwa na ƙasa. Abin da ya fi tsaya mini a rai shi ne yarinyar nan ba ta shiga darasin ba. Daga ɓaraguzan da na kawo mata ta gina shi.

Ban iya ba ta haƙuri da baki ba, kin san halina. Ranar Litinin da na fito da babur na ce mata ta ɗauko mayafinta. Ba ta tambaye ni dalili ba. Yelwa ce ta yi guɗa daga madafa, don neman magana.

Yanzu muna tafiya tare, kuma na daina hana ta sa baki. An koya mana wata hanyar zagaye mai sauƙi, inda tun daga farko kake faɗin daga nawa zuwa nawa, na'urar ta riƙa ƙirga da kanta. In an ɗauke wuta kuma babu man janareta, a allo muke yi, mu zama na'urar da kanmu. Malam Modu ya ce zai sa sunanta a jarrabawar ƙarshe ta watan Yuni, ta sami takardar shaida kamar kowa. Ta kasa cin abinci ranar don murna.

A gaishe da Inna. Yara suna tambayar yaushe za ki dawo.

Mijinki,
Siddiq.


Potiskum.
1 ga Yuni, 1997.

Zuwa ga Hadizatu,

Bayan gaisuwa, ina yi miki sannu da jinya. Wannan takarda a hannun Mubaraka za ki karɓe ta, saboda haka kin ga amsar roƙonki tun kafin ki buɗe.

Takardarki ta tayar mini da hankali. Ban san jikin Inna ya koma baya haka ba, har sai an ɗaga ta an juya ta, ga bayanki ya kama, ga matar yayanki da ɗanyen goyo. Kin yi gaskiya, hannu biyu ba za su iya ba.

Amma ki yafe mini, takardar ta kwana biyu a aljihuna ban nuna mata ba. Na ce wa kaina saboda ita ne, jarrabawa ta matso, ga dama ta samu wadda ba kowace yarinya take samu ba. Wannan gaskiya ne. Sai dai da na zauna a masallaci bayan Azahar na bincika zuciyata, na tarar akwai wata gaskiyar a ƙarƙashinta: tsoro nake ji in shiga jarrabawar nan babu wanda zai yi bita da ni. Na rasa wanne ya fi nauyi a cikin biyun, kuma tunda na rasa, na san bai kamata ni kaɗai in yanke ba.

Na kira ta na karanta mata. Na ce in tana so, sai in roƙe ki ki ƙara haƙuri zuwa bayan jarrabawa. Idonta ya kawo ruwa, na gani, ta sunkuyar da kai. Da ta ɗago sai ta ce, "Baba, kwamfuta tana nan inda take, ko baɗi zan same ta. Inna kuwa ban sani ba." Nan take na ce ta haɗa kayanta.

Jiya ta je ta yi wa Malam Modu sallama. Da yamma ta zaunar da ni ta yi ta ba ni tambayoyi, in na kuskure ba ta gyara mini, sai ta ce in bi layin da yatsa in ga inda na'ura za ta je. Ta ce haka zan yi ranar jarrabawa in abu ya rikice, kada in goge duka, in bi a hankali.

Ki bar ta ta ɗauki aikin ɗagawa da wanki, ke ki hutar da bayanki. Tana da ƙarfi, tana da haƙuri fiye da ni da ke. Yelwa ta sa mata man shanu da kuka a cikin jaka, na Inna ne.

Allah ya ba Inna lafiya.

Mijinki,
Siddiq.


Potiskum.
20 ga Yuli, 1997.

Zuwa ga uwargidana Hadizatu,

Assalamu alaikum. Ina fata kuna lafiya, ke da Mubaraka da dukan 'yan'uwa. Yaya ƙarin haƙuri? Allah ya jiƙan Inna, ya sa Aljanna ce makomarta, ya ba ki ladan abin da kika yi mata. Na iso gida lafiya. Ruwa ya sauka sosai, gero ya yi kore shar tun daga Azare har gida.

Da na zo ta'aziyya gidan cike yake da mutane, ba mu sami zama ni da ke ba. Kin tambaye ni jarrabawa a tsaye a zaure, na ce sai na rubuto. Kafin nan ina so ki san abu ɗaya. Da yayanki ya gaya mini cewa a jikin Mubaraka Inna ta jingina lokacin da ta cika, kuma kwanakinta na ƙarshe ba ta karɓar kunu sai daga hannunta, na fita waje na tsaya ni kaɗai. Da na riƙe yarinyar nan saboda takardar shaida, ban san da wane ido zan dube ki ba.

Ga yadda jarrabawar ta kasance. An ba mu makin ɗalibai ashirin, aka ce mu zuba su a jeri, na'ura ta tara su, ta fitar da matsakaici, ta nuna maki mafi yawa. Na rubuta a natse. Na fara shigar da maki, ɗaya bayan ɗaya, lafiya lau har na goma. Ina buga na goma sha ɗaya sai na'urar ta tsaya cik, ta rubuto mini wani gargaɗi da Turanci. Na sake daga farko, ta sake tsayawa a wuri guda. Samarin nan sun fara tashi suna miƙa aikinsu. Hannuna ya kai kan maɓallin gogewa, sai na janye shi. Na bi layukan da yatsa, sannu a hankali, ina tambayar kaina me ya bambanta ɗalibi na goma sha ɗaya da na goma. Babu abin da ya bambanta su, wuri ne ya ƙare. Ashe na manta layin da ake gaya wa na'ura tun farko yawan gurabun da za ta tanada, in ba a faɗa ba kuwa iyakarta goma. Na ƙara layin, na sake. Ta karɓi duka ashirin ba musu.

Ni ne na ƙarshen fita. Na ci, ba da yawa ba, amma na ci, kuma da hannuna. Shugaban makaranta ya ga takardar ya ce in zauna a kujerata. Ba inda za mu.

Yanzu ga maganar da ta sa na zauna rubutu. Malam Modu ya zo har gida yi mana ta'aziyya. Ya ce zai ba Mubaraka jarrabawarta duk ranar da ta dawo, amma abin da ke wajensa ya yi mata kaɗan, kamata ya yi ta nemi jami'a a Maiduguri ta karanta ilimin kwamfuta sosai. Na san ni da ke mun daɗe da shirya cewa karatun malanta za ta yi a nan cikin gari, tana kwana a gida. Na san kuma yanzu da kika rasa Inna, ba lokacin da za a ce miki 'yarki za ta yi nisa ba ne. Ni ma ba na son gidan nan babu ita, na ɗanɗana na ji. Amma na zauna kusa da ita a aji, na ga fuskarta in abu ya buɗe mata, ke ba ki gani ba. Ban ba Malam amsa ba. Ki tambaye ta da kanki, a lokacin da kika ga ya dace, ki saurari abin da za ta ce. In kun dawo sai mu zauna mu uku.

Makon jiya na fara gwada sakamakon aji ɗaya a kan na'urar makaranta. Tarawa da matsakaici duk sun fito daidai. Abu ɗaya ya gagare ni, wato jera ɗalibai daga na ɗaya zuwa na ƙarshe. Na tambayi Malam Modu, ya ce wannan zagaye ne a cikin zagaye, in zo ranar Asabar ya nuna mini. Na yi masa godiya, na ce ya bar shi, ina da malama, tana hanya.

Ki gaya mata haka. Sajo ya ce zai ajiye muku kujerun gaba duk ranar da kuka shirya bayan addu'ar arba'in. Yara sun ƙosa, ni kuma na fi su.

Ni ne mijinki mai kewarki,
Siddiq.